Kogo, kurmi da kogi a yini ɗaya daga Jos: Shere, Assop, Matsirga ko Yankari?

Duk sanda hutun Sallah ko na ƙarshen shekara ya matso, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Jos: ina mutum zai nufa da iyali ko abokai, su leƙa kogo, su ratsa kurmi, su zauna bakin ruwa, kuma kowa ya kwana a ɗakinsa? Na bayan nan da ya kawo min ita ƙanena ne, wanda ya samu hutun kwana biyu yana son ya kashe ɗaya a waje. Ya ce, "Yaya, wasu sun ce in ba Yankari ba to ban je ko'ina ba, wasu kuma sun ce Assop ta ishe ni. Ni kaina ya ɗaure." Amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na baje ta a nan, don shi da duk mai irin ruɗaninsa.

Hanyoyi huɗu na ga sun cancanci a ɗora a sikeli: gabashin Jos, wato duwatsun Shere da kurmin Amurum, hanyar Riyom zuwa magangarar ruwan Assop, zagayen Nimbia, Matsirga da Kagoro, sai Yankari.

Abin da za mu auna da shi

Ma'auni na farko shi ne uban sauran: awa nawa ƙafarka za ta yi a ƙasa, awa nawa za ka yi a kujerar mota. Tsakanin fitowar rana da faɗuwarta awa 12 ne, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, kuma ni ban yarda magariba ta riski mai iyali a wajen gari ba. Duk tafiyar da hanya za ta cinye fiye da rabin wannan lokaci, to direba ne ya yi yawon, sauran rakiya suka yi.

Na biyu kuɗi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne babban kason kowace tafiya, kuma farashin lita ba ya zama wuri ɗaya. Don haka da lita zan yi lissafi, a kan ƙaramar mota mai cin lita 1 a kowane kilomita 10, kai kuma ka ninka da farashin ranar. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin shiga, da na ɗan jagora, da guzuri.

Na uku ƙarkon shiri. Akwai shirin da in hadari ya haɗo, ko taya ta yi faci, ko uwargida ta makara da awa ɗaya wajen shirya yara, ya rushe ke nan. Akwai kuma wanda zai jure duk wannan a dawo da fara'a. Na huɗu sauƙi ga yara, tsofaffi da mai juna biyu. Na biyar haɗari, kuma kala uku ne: na kwalta, na ruwa, da na tsaro.

Abu biyu kuma ya kamata ka sani kafin ka sa rai da yawa.

Na ɗaya game da kogo ne. Mafi yawan dutsen Filato giranit ne, wancan mai taurin da ake fasawa a yi tsakuwar gini, sai baƙin dutsen da aman wuta ya bari a wasu wurare. Ruwa ba ya iya cin irin wannan dutse har ya huda shi ya yi lunguna. Kogwannin da mutum ke shiga ya yi ta tafiya cikin duhu, irin na Ogbunike a jihar Anambra da ake sauka matakala 317 kafin a kai bakinsu, a dutse mai laushi suke samuwa. Namu na nan galibi manyan duwatsu ne suka hau kan juna suka bar fili a ƙarƙashi, ko falalen dutse ya miƙo ya yi rumfa. Suna da sanyi da duhu da jemagu, amma ba su da zurfi. Abin da ke da zurfi a ƙasarmu shi ne ramukan loto na masu haƙar kuza a wajen Bukuru da Barikin Ladi, da kududdufan da kamfanonin Turawa suka bari tun ƙarnin da ya wuce. Waɗannan kada ka kusance su da sunan buɗe ido. Ramin loto yana ruftawa da masu sana'ar kansu, kududdufin kuza kuwa bakinsa a tsaye yake, ba ya da tudun da ƙafa za ta taka.

Na biyu game da lokaci ne, domin abubuwan ukun ba sa yin kyau a wata ɗaya. Ruwa mai faɗowa daga dutse yana cika ne a Agusta da Satumba, daidai lokacin da duwatsu ke santsi, hanyoyin ƙauye kuma suke caɓewa. Namun daji kuwa sai rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, suke taruwa a bakin kogi. Inda buƙatun suka fi kusantar juna shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa bai ja baya sosai ba, dutse ya bushe, kurmi na nan kore shar, hazo bai rufe nesa ba.

Gabashin Jos: Shere da Amurum

Wannan ita ce tafiyar da ba ta buƙatar cika tanki. Duwatsun Shere suna kimanin kilomita 10 gabas da gari, kuma ƙololuwarsu, mai tsayin mita 1,829 daga teku, ita ce mafi tsayi a tudun Jos. A gindinsu ne cibiyar horar da matasa ta gwamnatin tarayya take, wadda aka fi sani da ta 'yan Man O' War. Irin kogwannin da na faɗa suna nan birjik: ka sunkuya ka shige tsakanin duwatsu biyu, ka ɓullo ta wani gefen da ba ka zata ba. Yaran da suka haura shekara 10 ba abin da ke burge su kamar wannan.

Amurum tana gaba kaɗan, kusa da Laminga, kimanin kilomita 15 daga gari. Ƙaramin daji ne, hekta 300 ko kusa da haka, amma yana da kurmin gaske a cikin kwazazzabai, kuma an ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a cikinsa. Akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban, kuma masu kallon tsuntsaye daga ƙasashen waje saboda shi suke zuwa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, a nan take. Wurin nazari ne, don haka ana neman izini tukuna, kuma ba wurin kunna sifika da shimfiɗa darduma ba ne. Mai ƙananan yara zai iya musanya shi da gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972, inda ake tafiya a inuwar itatuwa ba tare da hawa ba.

Raunin wannan zaɓi ruwa ne. Rafuka ne ƙanana masu gudu da damina, sai madatsar Lamingo da za ka hango. Wanda kogi ya fito da shi daga gida zai koma da ƙishirwarsa. Amma wajen ƙarko babu kamarsa, don ko ruwan sama ya kore ku, cikin rabin awa kuna gida. Haɗarinsa faɗuwa ne da ɓata hanya, kuma maganin duka biyun ɗaya ne: kada a hau sai da wanda ya san dutsen.

Riyom zuwa Assop

Ka bi ta Bukuru, ka wuce Mararrabar Jama'a, ka ɗauki hanyar Akwanga. Gaba kaɗan za ka ga dutsen Riyom a gefen hanya, manyan duwatsu ɗaya bisa ɗaya kamar hannu ne ya jera su. Minti 20 sun isa a nan, a ɗauki hoto, yara su leƙa ƙarƙashin duwatsun. Kogon wannan tafiya ke nan, kuma gaskiya ɗan kaɗan ne.

Daga nan sai Hawan Kibo, inda tudun Jos ke ƙarewa hanya ta gangara tana lanƙwasa. Za ka ji kunnenka ya toshe, ka ji ƙaurin birkin tireloli, rigar sanyin da ka sako daga gida kuma ta fara yi maka nauyi. Magangarar ruwan Assop tana nan ƙasa, kimanin kilomita 64 daga Jos, ba nisa da kwalta. Abin da nake so da wurin shi ne yadda kurmi ya bi kogin ya rufe shi. Kana fitowa daga ciyawa da rana, taku kaɗan sai inuwa, sai ƙarar ruwa ta danne maganar kowa, feshi yana sauka a fuska kamar yayyafi. Ruwan yana saukowa bisa dutse hawa-hawa, ya taru a gurbi, sannan ya wuce cikin itatuwa.

A nan na koyi tsoron gansakuka. Wata shekara cikin Satumba mun je da ɗan yayata, yana sanye da silifas ɗin roba. Dutsen da ya taka a ido busasshe ne, ashe gefensa kore ne mai yauƙi. Ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas, ya fara sulalewa wajen ruwa, Allah ya sa wani saurayi ɗan ƙauyen da ke kusa ya cafko wuyan rigarsa. Gwiwa kawai ya kurje, amma har muka iso Bukuru hannuna bai daina rawa ba. Tun ranar, duk yaron da zai bi ni bakin ruwa sai da kambas mai ɗauri, kuma babba ɗaya yana riƙe da yaro ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, zuwa da dawowa kilomita 130 ne, wajen lita 13, sai kuɗin shiga. Hanya ba za ta ci fiye da awa 3 ba gaba ɗaya, ka ga kuna da yini kusan sukutum a bakin ruwa. Ko kun makara kun tashi ƙarfe 10, shirin bai lalace ba. A dawowa kuma ga dankalin Turawa, kabeji da tumatir a bakin hanya, wanda sau da yawa rarar da za ka samu a kansu tana rage zafin kuɗin mai.

Haɗarin kwalta a Hawan Kibo sananne ne. Manyan motoci suna shanye birki a gangaren, saboda haka kada ka tsaya a kwana don ɗaukar hoto, kada ka manne wa tirela a hawa, kuma ka sauka da giya maimakon taka birki kaɗai. Batun tsaro ma ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙaramar hukumar Riyom ta sha fama da rikici, kuma in gari ya ɗau zafi matafiya ne ke fara shan wahala. Direbobin tasha sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki. Ka tambaye su da yamma, ka sake tambaya da safe, in sun ce a dakata to a dakata.

Zagayen Nimbia, Matsirga da Kagoro

Wannan ci gaban ta biyun ce, ga wanda Assop ba ta ƙosar da shi ba. Bayan ka gama gangaren za ka iso mahaɗar da direbobi ke kira Forest, sunan da ta samo daga gandun Nimbia na jihar Kaduna. Dashe ne na itacen tik da aka fara tun ƙarshen shekarun 1950, itatuwa dogaye a jere, ganyensu faffaɗa kamar faifai. Da damina hanyar kan yi duhu saboda inuwarsu, da rani kuma su kakkaɓe ganyen tas. Daga mota ake kallonsa. Ban ba kowa shawarar ya kutsa ciki ba.

Daga nan sai Gidan Waya, sai Kafanchan, garin da ya girma a kan mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920. Magangarar ruwan Matsirga tana kusa da garin, ta wajen Madakiya. Ruwan yana zubowa ta bakuna huɗu daga tsayin mita 25 zuwa 30, ya faɗa babban gurbi, kuma in rana ta daki feshin sai ka ga bakan gizo a ƙasa. A gefen kogin akwai rumfar dutse da mutane ke fakewa a ciki. Wajen girma da kwarjini, Assop ba ta kama ƙafarta ba.

Kogwannin wannan zagaye suna kan dutsen Kagoro, mai tsayin mita 1,246, inda mutanen wurin suka riƙa fakewa a zamanin yaƙe-yaƙe. Har yau dutsen yana da girma a wurinsu, bikinsu na Afan da ake yi kowace 1 ga Janairu ma da shi yake da alaƙa. Saboda haka ba a hawa kai tsaye. A yi sallama, a nemi ɗan gari ya ja gaba, inda ya ce ba a shiga kada a shiga, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa. Matsalar ita ce hawan yana cin sa'o'i da ƙarfi. In ka tsaya Assop, ka tsaya Matsirga, lokacin da zai rage maka na gindin dutsen ne kawai. Mai son kogwannin da gaske sai ya tsallake Assop, ya fara da Kagoro da sanyin safiya, ya sauko ya wanke gajiya da kallon Matsirga.

Ana iya komowa ta Manchok, Ganawuri da Vom, tafiyar ta zama zobe na kimanin kilomita 220, wajen lita 22, awa 4 zuwa 5 a mota. Nan ma halin hanyar a bakin direbobi za ka ji shi. Wannan shi ne zaɓin da ya fi haɗa abubuwan uku cikin yini ɗaya na gaskiya, amma shi ne kuma mafi rashin ƙarko. Zango ya yi yawa, kowane jinkiri yana tura na gaba, kuma kudancin Kaduna ma ya ga nasa tashin hankalin, hanyar Forest zuwa Gidan Waya ba wadda ake bi da duhu ba ce. Ƙarfe 3 na rana ta same ku kun juyo. In ka samu sarari ka sayo citta, don yankin ne matattararta a ƙasar nan.

Yankari

A takarda Yankari ta cinye gasar tun kafin a fara. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun jihar a 2006. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, da kurmi da fadama a gaɓarsa, sauran kuma dajin kawo da taramniya ne. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina da kada, da tsuntsaye fiye da iri 350.

Kogo na gaske kuwa a nan ne kaɗai za ka same shi da hujja, domin dutsen wurin na yashi ne mai sassaƙuwa. Kogwannin Marshall guda 59 ne, mutanen da suka shuɗe suka fafe su a jikin dutse, kuma sunan P. J. Marshall da ya bayyana su a 1980 suka ci. Bakinsu ƙanƙane ne, sai an durƙusa, ciki kuma ɗaki ne sosai, wasu da zane-zane a bango. Ana kyautata zaton maɓoya ce ta lokacin farautar bayi. Ga kuma rijiyoyin Dukkey, fiye da 130, waɗanda ke haɗe da juna ta ƙasa don tara ruwa. Mutum in ya tsaya a bakinsu ya tuna da hannu aka yi wannan aiki, jikinsa kan yi sanyi.

Sai Wikki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Tsawon wurin wankan ya kai mita 200, kuma akwai gefe marar zurfi. A duk wuraren nan huɗu, nan ne kaɗai zan ce wa mutum ya shiga ruwa hankali kwance, shi ma yara da babba a kusa.

To ina matsalar? Lissafin hanya. Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Nabordo. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya zuwa ƙofar Mainamaji, sannan ka sake tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin dajin, a hankali, kafin sansanin Wikki. Jimla wajen kilomita 240, awa 4 in hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa awa 8, lita kusan 48.

Na taɓa gwada ta a yini ɗaya, cikin watan Maris. Mun yi asuba muka tashi, muka tsaya cin masa a Bauchi, muka isa sansani rana ta riga ta ɗaga. Masu zagayen safe suna dawowa muna shiga. Namun daji da sassafe da yamma suke fitowa, tsakar rana suna kwance a inuwa, mu kuma tsakar ranar ce kaɗai rabonmu. Muka yi ɗan zagaye cikin zafi, ƙudan tsando na cizo, muka ga gwambaza biyu da kashin giwa. Muka yi wanka a Wikki, wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun ƙanwata ya haye bishiya, ƙarfe 2 da rabi muka kama hanya. Kogwannin da suka kai ni ban gan su ba a wannan zuwan. Sai da na koma na kwana, na fita zagayen yamma da na safe, sannan na san na je Yankari.

Kuɗinta ma ya fi na sauran nesa ba kusa ba: ban da mai, akwai kuɗin shiga, da na motar zagaye da jagora, don ba a yawo a dajin ba tare da ma'aikaci ba. Ka kira ka ji farashin makon kafin ka tashi. Lokacinta daga ƙarshen Disamba ne zuwa Afrilu. Hanyar Bauchi shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangare irin na Kibo, haɗarinta gudu ne da gyangyaɗin direban da ya yi awa 8 a sitiyari. An kuma sha jin labarin 'yan bindiga a wasu dazukan Alƙaleri a shekarun nan, don haka nan ma tambaya kafin tafiya wajibi ce.

Wani ɗan abu da ke da amfani ga mai lissafin lokaci: tafiyar Yankari da ta Kafanchan sun haura nisan da malamanmu na Malikiyya suka sa wa ƙasaru, wato wajen kilomita 80, ta Assop kuwa ba ta kai ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Zaɓi | Zuwa da dawowa | Awa a mota | Fetur | Kogo | Kurmi | Ruwa | Lokacin da ya fi |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Shere da Amurum | kimanin km 40 | 1 | lita 4 zuwa 5 | matsakaici | mai kyau | kaɗan | Oktoba zuwa Fabrairu |
| Riyom da Assop | kimanin km 130 | 3 | lita 13 | kaɗan | mai kyau | mai kyau | Oktoba da Nuwamba |
| Nimbia, Matsirga, Kagoro | kimanin km 220 | 4 zuwa 5 | lita 22 | mai kyau, sai an hau | matsakaici | mafi kwarjini | Oktoba da Nuwamba |
| Yankari | kimanin km 480 | 8 | lita 48 | mafi kyau | mai faɗi | na wanka | Disamba zuwa Afrilu |

Wa ya dace da wanne

Mai ƙananan yara, ko wanda zai tafi da Hajiya ko Baba, ya ɗauki Assop. Tafiyar ƙafa kaɗan ce, inuwa na nan, kuma in jikin wani ya ƙi, komawa gida ba aiki ba ne. Ya haƙura da kogo na gaske, ya bar yara su leƙa ƙarƙashin duwatsun Riyom.

Ɗalibai da samarin da aljihunsu bai da nauyi amma gwiwarsu na da ƙarfi, Shere ce tasu. Kuɗin da za su zuba a mai su ba jagora, su fita da sassafe kafin dutse ya yi zafi, kowa da gorar ruwansa da tocila. Malamin makarantar da ke son yara su koyi wani abu ya rubuta wa cibiyar Amurum tun da wuri.

Abokai huɗu ko biyar manya, da mota mai lafiya da direba biyu, waɗanda suka dage sai sun ga ukun a rana ɗaya, su yi zagayen Kagoro da Matsirga cikin Nuwamba, su fara da dutsen, su yarda tun a gida cewa ƙarfe 3 za a juyo ko an gama ko ba a gama ba.

Wanda kuwa kogwannin Marshall ko giwa ke ransa, kada ya matse Yankari cikin yini ɗaya. Ya jira sai ya samu kwana biyu da kuɗin ɗaki. Ƙanena yana da kwana biyun, amma matarsa na da tsohon ciki, ga ɗansu ɗan shekara 3. Na ce masa, "Ka kai su Assop ranar Asabar, ku tashi ƙarfe 8, ka saya wa yaron kambas tun ranar Juma'a. Yankari kuma ka bar ta sai Fabrairu in Allah ya sauke ta lafiya, mu tafi ni da kai mu kwana."